Kaka da 'Yan Dakon Gujiya

Wata Litinin da rana, a farkon shekarun dubu biyu, ina aji biyar a lakwal, wato makarantar unguwarmu ta Rillieux-la-Pape a ƙasar turawa, madam malamarmu ta ja labule ta sa mana wani tsohon kaset. Fim ne fari da baƙi, kan yadda ƙasashe suka haɗa kai wajen ciniki bayan yaƙin duniya. Aka nuno gawayi da ƙarafa da manya suna musafaha, mu kuwa muna ta jifan juna da takarda, muna jiran a tashe mu mu je ƙwallo. Can sai ga maza baƙar fata ba riga, a jere, suna loda buhunan gujiya, wato gyaɗa, a jirgin ruwa, mai bayani yana ambaton ƙasashen da za su samu man girki.

A lokacin kakata ta zo daga Maraɗi don aikin ido, tana kwana a ɗakinmu. Ni ke sauke shara, ni ke ɗiga mata magani. Ina cikin ɗigawa na ba ta labarin fim ɗin, sai ta riƙe hannuna. Ashe tana da wa, Ilu, wanda ya bi motar gujiya zuwa bakin teku tun tana yarinya, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ko hotonsa babu.

Madam ta ara mini kaset ɗin. Aka zaunar da Kaka dab da talabijin, ido ɗaya a rufe da bandeji. "Wuce masu kwat ɗin nan," take cewa. In an zo kan 'yan dako sai in tsayar, hoton yana rawa, tana bin su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ta baya aka ɗauke su. Ta daɗe kan wani dogo mai karkataccen wuya, har Baba ya ce, "Inna, shi ne?" Ta ce, "Ilu bai kai shi kafaɗa ba. Amma wannan ma ɗan wasu ne." Ta yi masa addu'a, ta ce a kashe talabijin.

Kaka ta koma Maraɗi da idonta garau, a can ta rasu. Yau fim ɗin yana cikin wayata, an gyara shi tsaf, har zufar goshin 'yan dakon ana gani. Sai dai mai iya gane Ilu ba ta nan.