Tsagen da Ke Kumatun Bawa

Ranar Talata ce, farkon damina. Na tashi da asuba na ɗora tukunyar koko kamar kullum, domin ita ce sana'ata a ƙauyenmu, tafiyar wuni guda a mota daga Tamale, a arewacin Gana. A shekarun nan sukari ya zama labari, sabulu ma sai kana da hanya, amma gero bai yanke mana ba. Mijina Isa wanzami ne, yana zaune a ƙofar gida yana wasa askarsa. Ɗanmu Bawa, mai shekara goma sha tara, ya sha kokonsa a tsaye ya saɓi fartanya ya nufi gonar doya. Ƙanwarsa Ladi tana shara.

Mun san ana rikici. Masu ƙasa da manoman hayin kogi sun yi watanni suna hararar juna a kan gona da sarauta. Ba zan kira sunan ƙabilun ba, dukansu sun sha kokona, dukansu kuma sun ba ni kunya. Mu 'yan zango cewa muke ba ruwanmu. Hausawa ne mu, baƙi, kowa namu ne. Isa yakan aske kan wannan da safe, ya yi wa ɗan wancan kaciya da hantsi.

Abu ɗaya muka manta, fuskar Bawa. Kafin shi na haifi uku, duk sun koma kafin yaye. Da aka haife shi tsofaffi suka ce mutuwa ta gane ɗakina, sai a sayar da yaron. Haka ake yi a can. Maƙwabciyata, wata tsohuwa daga cikin masu ƙasa, ta ba ni ƙwaryar gero ta ɗauke shi ya wuni a ɗakinta, sannan ta dawo mini da shi wai in riƙe mata. Aka sa masa suna Bawa. Isa da hannunsa ya yi masa tsagen mutanenta a kumatu, don in mutuwa ta zo neman ɗan Bahaushe ta tarar da ɗan wasu. Ya rayu. Na yi shekaru ina yi wa mata tallar wannan dabara.

Ƙarfe bakwai da rabi muka ji an busa ƙaho daga wajen kogi. Sau uku. Karnuka suka ɗauka. Kafin takwas bindigogin toka suka fara, ɗaya bayan ɗaya, sannan a haɗe. Bawa ya dawo a guje ba fartanya. Hayaƙi ya turnuƙe unguwar sarki. Wata mata ta faɗo gidanmu da kibiya a cinya, ta zube kusa da murhu. Koko yana ta tafasa a gefenta. Ban sauke tukunyar ba, a haka na bar ta.

Ƙarfe tara duk zango ya taru a masallaci. Akwai babbar motar doya ta wani mutumin Kumasi a kasuwa, direban ya yarda ya kwashe mu. Dattawa suka ce 'yan zango kaɗai, domin an aiko cewa mu ba za a taɓa mu ba. Tsohuwar da ta sayi Bawa ta zo bakin motar da ƙullin tsummanta. Ta kira shi da sunansa. Ya miƙa hannu zai jawo ta, maza suka buge hannun, suka ce za ta ja mana. Ina zaune a kan buhu ina ganinta. Na kau da kai. Shekara goma sha tara ina kiranta uwar ɗana, ranar na yi kamar ban taɓa saninta ba, kuma har yau ina jin ƙyamar kaina.

A hanya mun ga gawarwaki cikin kunyoyin doya. Ƙarfe goma bai yi ba ungulaye sun sauka. Mun ga masu rai kuma, su suka fi tayar mini da zuciya. Wani yana jan awaki shida da igiya ɗaya. Wani ya ɗauko ƙofar ɗakin mutane a ka. Wani yana tafe da keken ɗinki yana dariya, har ya ɗaga wa motarmu hannu.

Ƙarfe goma sha ɗaya muka isa gada. An gindaya itatuwa. Mutanen hayin kogi ne, da kwari da baka, jikinsu duk layu.

"Kowa sauka! Maza nan, mata can!"

Ba su tambayi sunan kowa ba. Fuska suke dubawa. A kama haɓar mutum a juya ta dama da hagu, kamar ana cinikin rago. Mai dubawar na san shi. Duk ranar kasuwa a ƙofarmu yake aski, yana jira yana shan koko. Askin Isa ne a kansa ranar, ko gashi bai tsiro ba. Ya wuce maza bakwai. Ya kama haɓar Bawa ya tsaya.

Wani daga bayansa ya daka tsawa. "Wannan ba naku ba ne. Fito!"

Isa ya yi magana da Hausa, ya yi da harshensu. Ya ce ɗansa ne na cikinsa, ya ce shi ya yi tsagen. Ya ciro askar daga zabira don ya nuna musu, aka buge ta ta faɗa kogi. Su ma suna sayar da 'ya'yansu haka, babu wanda bai san al'adar ba a wurin. Mai dubawar ya sunkuyar da murya ya ce, "Baba wanzami, ni na san ɗanka ne. Su ba su sani ba." Ya saki haɓar ya matsa kan na gaba.

Aka haɗa Bawa da mutum huɗu aka gangara da su ƙarƙashin gada. Ya waiwayo sau ɗaya ya ce, "Inna, ku tafi." Na buɗe baki, matan zangonmu suka toshe shi da gyale. Waɗanda na karɓi haihuwarsu ne. Suna cewa in yi shiru kar in ja musu. Maza biyu suka cilla Isa cikin mota. Direba ya tayar. Ƙarar injin ta rufe komai. Na kasa kunne har gadar ta ɓace, ban ji harbi ba, ban ji ihu ba.

Ƙarfe biyar na yamma muka shiga Tamale. Muka sauka unguwar Sabonjida a gidan ɗan'uwan Isa. Unguwa ta cika tsakar gida, kowa yana so a ba shi labari daga farko, wasu har da kujerunsu. Sojoji sun tafi ƙauyenmu bayan kwana huɗu, lokacin ungulaye sun ƙoshi. A watan nan doya ta yi araha a kasuwar Tamale, awaki ma haka. Mutane suna saye suna hamdala, ba mai tambayar gonar wa aka tona. Matar gidan ta daka sakwara ta kawo mini, na fita bayan ɗaki na yi amai.

Bayan mako biyu Isa ya bi mota ya koma. A ƙarƙashin gada ruwa ya ƙaru, bai ga komai ba. Gidanmu ba rufi, ba ƙofa. Tsohuwar ba wanda ya san inda ta yi. Ya dawo ya zauna. Da shekara ta zagayo wata mata ta kawo masa jariri, ta ce biyu sun koma, a yi wa wannan tsage. Isa ya ce ba shi da aska. Bai sake sayen wata ba har ya rasu.

Biyar na haifa. Ladi tana aure a unguwar Choggu, cikin Tamale. Ukun da mutuwa ta gane an yi musu sutura, suna kwance a bayan masallacin zango, na san wurin kowanne. Wanda muka ɓoye mata shi ne ban san inda yake ba.