Dachung, Mutum na Bakwai

Abokina Dachung ya rasu a farkon Satumbar bara, yana da shekara hamsin da takwas. An haife shi a wani ƙauye bayan Bukuru, mahaifinsa leburan haƙar kuza ne. A sakandare wani malamin lissafi ɗan Indiya ya koya musu wasan kurket a filin da shanu ke kiwo, da sandar bugu guda ɗaya tak, ita ma ɗaure da roba. Ya zo London yana da shekara talatin da 'yan kai, ya yi aikin tura gadajen marasa lafiya a asibiti har ranar da shi ma aka tura nasa.

A cikin bas ɗin da nake tuƙawa muka haɗu, a Woolwich. Ya shigo yana faɗa a waya da Hausa, a kan wata akuya da aka bari ta ci gonar maƙwabta. Da ya gama na ce masa sannu da zuwa. Ya leƙo ta gilashi ya tambayi garinmu, na ce Zariya. Tambayarsa ta biyu ita ce, "Ka iya gudu?"

Haka na shiga ƙungiyarsa, Arewa Plumstead, ban taɓa ganin ƙwallon kurket ba. Shi ya kafa ta, shi ya yi ta zarya shekara uku har aka karɓe mu a lig ɗin 'yan sha'awa da ake bugawa ranar Lahadi, daga Mayu zuwa ƙarshen Agusta, aka ba mu fili a bayan unguwa. Akwai direbobi a cikinmu, da masu gadi, da likita ɗaya da bai taɓa cafe ƙwallo ba. Kiristocinmu su je sujada ta safe, mu mu yi azahar a gindin bishiya lokacin hutu. Matarsa Juliana ce ke kawo abincin hutun, kuma saboda masar da take soyawa ƙungiyoyin Turawa ba sa fashin zuwa filinmu.

Lig ɗin yana da ɗan littafin dokoki, shafi talatin da biyu. Dachung yana ajiye nasa a cikin leda. Duk watan Afrilu sai ya tara mu a falonsa ya karanta mana shi daga farko.

"Kowane ɓangare oba arba'in. Oba ɗaya jifa shida ne, don Masawudu nake maimaitawa."

Ni ne Masawudun. Sai in ce, "Fasto, a taƙaita huɗubar, shayi na hucewa."

"Ba a buga da wanda ba a yi wa rajista ba. Ƙungiya mutum sha ɗaya ce, amma ƙarfe ɗaya daidai dole a ga mutum bakwai a fili cikin fararen kaya, kuma kada su ragu daga bakwai har a tashi. In aka saɓa ɗaya daga cikin waɗannan, an ja mana layi. Layi uku a shekara, an kore mu, a ba wasu filin. Masu jiran filin nan sun fi masu jiran gidan hayar gwamnati yawa."

Shekara goma sha huɗu ba a taɓa ja mana layi biyu ba, sai bara.

Na farko Babbar Sallah ce ta jawo. Ta faɗo ranar Lahadi. Dokar ta ce mai son a ɗaga wasa ya sanar da kwana ashirin da ɗaya, mu kuma wata bai ba mu sama da kwana goma ba. Dachung ya rubuta musu wasiƙa har sau uku, suka ce doka ce. Ran nan ya je da Kiristoci huɗu suka tsaya a fili cikin fararen kaya har alƙalin wasa ya rufe takardarsa. Bai yi wa kowa ƙorafi ba. Da yamma ya zo gidana ya ci nama, ya ce ragon bana ya yi tauri.

A watan Yuli aka kwantar da shi. Ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya yi nisa. Ya damƙa mini ledar littafin dokokin ya ce in riƙe kafin ya fito.

Lahadi ta biyu da zamana kyaftin, Abdul-Salam, mai tsare mana bayan turakun da ake auna wa ƙwallo, ya zo da surukinsa, dattijo ne da ya zo daga Kaduna ganin jikoki. Ashe ya buga kurket yana yaro. Ya ɗauki sandar bugu yana shafa ta, yana ba mu labarin filin makarantarsu. Mu goma ne ran nan. Abdul-Salam ya ja ni gefe ya ce, "Masawudu, baƙonka annabinka. Ka dubi fuskarsa mana." Na duba. Ta yaya zan ce wa dattijo mai furfura ya zauna ya yi kallo alhali akwai gurbi? Na ba shi wandona na ajiya, na rubuta shi a takarda da sunan Dachung, tunda shi yana da rajista. Ban tsaya na tuna cewa alƙalin wasan ya san Dachung shekara goma sha huɗu ba.

Ranar Laraba saƙon lig ya iso, kuma wayar Dachung ya shiga, don shi ne sakatare. Na same shi a gadon asibiti, wayar na kan ƙirjinsa.

"Nawa ya ci?"

"Uku."

"Da sunana, uku? Na Zazzau, ka ɓata mini suna sau biyu."

Na yi ƙoƙarin dariya, ta ƙi fitowa. Na ce ya yafe mini. Sai ya ce, "Ban gina gida a Jos ba, ka sani. Ban sayi fili ba. In an tambayi Kachollom me babanta ya bari a ƙasar nan, wannan ce kawai. Saura layi ɗaya, Masawudu. Ku kai ta ƙarshen Agusta. In shekara ta juya ana goge layukan."

Kachollom ita ce 'yarsa guda, tana karatu a Leeds.

Wasa biyar suka rage. Na bi mutane har wurin aikinsu, na yi musanyen ranakun aikina, na ɗauko wasu da motata tun da hantsi. Muka tsallake huɗu. Kafin na biyar asibiti suka sallame shi, ba don ya warke ba. Ya koma flat ɗinsu a Plumstead, ma'aikaciyar jinya na zuwa safe da yamma.

Lahadin ƙarshe ta zo a mugun lokaci. Mutum uku sun kai iyali gida hutun makaranta. Matar Baha'uddeen, mai jifanmu na farko, ta haihu Lahadin da ta wuce, don haka suna ya faɗo daidai ranar wasa, a Peckham. Mutum biyar, har da Abdul-Salam, suka ce za su je a raɗa suna da safe su taso. Na roƙe su kada su zauna cin abinci. Suka ce haba, kafin sha biyu suna fili.

Sha biyu da rabi mu shida ne. Na kira Abdul-Salam, ya ce suna hanya, ina jin ƙarar cokula a bayansa.

"Ka gaya mini gaskiya, kuna ina?"

"Yanzu aka sauke tuwo, manya na zaune. Ba ma iya tashi a gabansu. Minti biyar."

Na sake kira bayan minti biyar. Sun fito, amma an soke jirgin ƙasa, sun hau bas mai lamba 177. Ni direba ne, na san abin da hanyar nan ke ci ranar Lahadi. Sa'a ɗaya da rabi, in cunkoson Greenwich ya yi sauƙi.

Na je wurin alƙalin wasa, wani tsohon Bature mai farar hula. Na gaya masa halin da Dachung ke ciki, na ce ya ba mu rabin sa'a. Idonsa ya kawo ruwa, amma ya ce littafin bai ba shi wannan ikon ba, kuma akwai ƙungiyar da ke jiran ganin sakamakonmu. Saura kwata aka jefa kwabo, kyaftin ɗin baƙi, wani ɗan Jamaika, ya ci, ya zaɓi su fara bugu. Ke nan mu ne za mu tsaya tsaron fili.

Na kira duk wanda ke da rajista, har wanda ya shekara da barin London. Wani mutum ya zo wucewa da karensa, wallahi sai da na yi taku uku wajensa kafin na tuna irin wannan ce ta kai mu nan. Na rubuta a rukuninmu na waya: "Mu shida ne. Don girman Allah." Na manta Dachung na cikin rukunin.

Saura minti takwas motar Juliana ta tsaya a bakin fili. Ta zagayo ta buɗe masa ƙofa. Fararen kayansa sun yi masa yawa kamar na aro, wandon an ɗaure shi da igiyar zane. Idanunsa sun yi rawaya.

"Maman Kachollom, me ya sa kika kawo shi?"

"Na ɓoye makulli, ya ce zai tako da ƙafa. Na same shi a kan matakala."

"Rubuta ni," in ji Dachung. "Wannan karon mai sunan ne da kansa."

Kyaftin ɗin baƙi ya ga halin da yake ciki, ya ce a sauya, mu fara bugu don Dachung ya samu zama a benci. Alƙalin yana juya hularsa, na ga alamar zai yarda. Dachung ne ya hana. Ya ce in kyaftin ya faɗi zaɓinsa ba a sauyawa, kuma in aka sauya wani ya kai ƙara, an ja layin ke nan. Na ce to a kawo masa kujera. Ya ce ba a shiga fili da kujera.

Na tsayar da shi a bakin layi, inda inuwar bishiya ke kaiwa. Juliana ta tsaya a waje, taku ɗaya tsakaninsu, ba ta da ikon riƙe shi. Ƙarfe ɗaya alƙalin ya ƙirga mu da yatsa, ya ce a fara.

Ban san abin da na jefa ran nan ba. Jifa ɗaya, in waiga bishiya, in waiga titi. Masu bugun baƙi, Allah Ya saka musu, ba su aika ƙwallo ko ɗaya wajen Dachung ba, sai su karkata ta ɗaya gefen ko da jifan bai dace da haka ba. A oba ta biyar ya dafa gwiwoyinsa. A ta tara ya durƙusa. Alƙalin ya dakata yana kallo, sai Dachung ya kama igiyar takalminsa kamar ita yake ɗaurewa. Ya ɗauki lokaci kafin ya miƙe, kuma da ya miƙe yana rangaji.

Na ajiye ƙwallo na nufi alƙalin don in ce mun haƙura, a ja layin, a kore mu. Dachung ya gane. Muryarsa ba ta kai ba, Juliana ce ta ɗaga tata.

"Ya ce ka koma ka yi jifa."

"Ki gaya masa ba zan iya ba."

"Ya ce dama can ba ka iya ba, ka koma."

Na koma ina share fuska da hannun riga.

A tsakiyar oba ta goma sha uku na hango Abdul-Salam ya ratso ta cikin ciyawa a guje, babbar rigarsa a kafaɗa, sauran na biye. Ya tuɓe a bayan motar Juliana ya sa fararen kaya. Amma mai makara ba ya shiga sai oba ta ƙare, kuma saura jifa uku. Na jefa su ba tare da na ja baya ba, ko ina suka tafi ban damu ba. Da alƙalin ya ɗaga hannu, Abdul-Salam ya taka layi, Dachung ya duba ya tabbatar ƙafarsa ta shigo, sannan ya zube a jikin matarsa. Ni da ɗan Jamaikan muka ɗauke shi zuwa mota. Bai fi nauyin jakar kayan wasa ba. Sa'a ɗaya ba minti biyar ya yi a tsaye.

An cinye mu da ci ɗari da arba'in da wani abu. Shan kaye ba layi ba ne.

Bai sake tashi daga gado ba. Kwana tara bayan nan ya cika, da hantsi, Juliana da Kachollom na gefensa. Ranar jana'iza 'yan ƙungiya duka sun zo, ba wanda ya makara.

Bayan an watse zaman makoki na koma wurin Juliana. Na ce ni na rubuta baƙo da sunansa, ni na aika saƙon da ya fito da shi, ta gaya mini ko tsayuwar nan ce ta rage masa kwana. Tana naɗe zannuwan gado, ba ta daina ba.

"Ban sani ba, Masawudu. Likita ya ce dama kwanaki ne. Ni dai na ga yadda ƙafafunsa suka kumbura da muka koma gida, kuma na ga yana murmushi ina gasa masa su. Wanne zan gaya maka?"

Ta ɗauki wani zanen ta ci gaba da naɗewa.

A watan Fabrairu lig ya fitar da jerin ƙungiyoyin bana. Sunanmu na nan, na shida daga sama, da filinmu. Na kai mata takardar, ta karanta, ta ce zuwa Mayu ba ta san ko za ta iya tsayawa a bakin filin nan ba, amma masar hutu za ta aiko mana. Allah Ya ba ta haƙuri, ita da Kachollom, Ya ba ni nima.