Baba Jatau Mai Jita, Wanda Na Hana Ya San Muryarsa

Ina cikin aji ina koyar da lissafi a makarantarmu ta Sabuwa, sai hedimasta ya leƙo ya ce ana sallama da ni. Wani mai fataucin shanu ne daga wajenmu, hanya ta biyo da shi. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam Sani, sai haƙuri. Baba Jatau na Mabai ya cika shekaranjiya da hantsi. Kafin azahar an kai shi." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya yi mani ta'aziyya irin wadda ake yi wa ɗa, domin kowa a wajenmu ya san a zauren Baba Jatau na tashi, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da namu. Na karɓi ta'aziyyar, amma na san ban cancance ta ba. Akwai maganar da na riƙe masa shekara shida, kullum ina cewa sai hutu mai zuwa, ga shi ya tafi bai ji ta ba. Ita zan faɗa a nan, bayan na faɗi ko wane ne shi.

Baba Jatau manomi ne kafin komai: dawa, gero, da 'yar auduga. Yana saurayi ya tafi haƙar kuza ƙasar Jos, ya yi shekaru can. Abokan tafiyarsa sun dawo da kekuna, shi kuwa ya dawo da wata tsohuwar jita da wani mutumin Kudu ya bar masa. Tsirkiya shida gare ta. Ya cire uku, ya ɗaure sauran yadda ake ɗaure garaya, in ɗaya ta tsinke ya maye ta da wayar birkin keke. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Shida surutu ne. Uku sun isa magana."

Ba maroƙi ba ne, bai taɓa wasa wani mai kuɗi ko mai sarauta ba. Waƙoƙinsa na rashi ne: shekarar da ruwan sama ya ɗauke alhali dawa tana bunni, ƙanensa da rami ya rufta da shi wajen kuza, matafiyin da ya dawo ya ishe an sayar da gonar ubansa. Muryarsa mai kauri ce, ƙasa-ƙasa, ba ya gaggawa da ita. In ya fara bayan la'asar a gindin tsamiyar bayan gidansa, mata sukan dakata da daka. Da ya ji kiran salla yakan ɗora tafin hannu kan tsirkiya ko da a tsakiyar baiti ne. In an yi rasuwa a unguwa ba ya taɓa jitar sai an yi arba'in.

Lokacin da mahaifina ya kwanta ciwon ajali, ciwon ya hana shi sukuni, Baba Jatau ya zo ya zauna bakin ƙofar ɗakin kwana uku yana kaɗawa a hankali. Wani daga cikin dangi ya ce masa wannan ai ba magani ba ne. Ya ce, "Na sani. Waƙa ba ta warkar da ciwo, zama take yi da mai shi." Bayan rasuwar, shi ya riƙa nome mana gona kafin ya taɓa tasa, har na gama makarantar horon malamai. Ranar da na fara koyarwa ya daina kirana Sani, ya koma Malam. Na ce masa, "Baba, ai ni ɗanka ne." Ya ce, "Ɗana ne kai, amma ilimi ba ɗana ba ne. Dole in ba shi girmanshi."

Sai ga shekarar da arzikin mai ya iso har garuruwanmu, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Wasu suka sayi babur, wasu suka sa kwano a ɗaki. Ni na tafi Funtuwa na sayo rikoda mai kaset. A lokacin ina koyarwa a Ƙanƙara, kuma ba na jin akwai ta uku a garin. Kai, na yi taƙama da rikodar nan. Ko gaisuwa zan je sai na rataya ta a kafaɗa.

Ana nan sai na ji gidan rediyo a Kaduna na cigiyar makaɗan karkara. Na je Mabai na ce wa Baba in ɗauki waƙarsa in aika. Ya ce, "Mi za su yi da kukan tsoho?" Na matsa masa har ya yarda. Ranar da muka sa, ya goge jitar da man gyaɗa, ya sa rigarsa ta Juma'a, wai kada ya yi wa baƙuwa rashin kunya. Batiran da ke cikin rikodar su ne na sayo tare da ita, na yi mako biyu ina jin waƙoƙin Indiya da su. Na ga 'yar jar fitilar rikodar ta dushe, ban damu ba. Ya yi waƙa uku cikakku, bai taɓa yin su da kyau kamar ranar ba. Yana cikin ta huɗu kaset ya tsaya cik. Ba halin a maimaita masa ya ji, sai na ce mu haɗu ranar kasuwar Ƙanƙara.

Ya zo da ƙafa. Na sayi sababbin batira huɗu, muka zauna a rumfar wani tela, mutane suka taru, don labari ya bazu cewa yau za a ji Jatau a cikin akwati. Na danna. Abin da ya fito wata 'yar siririyar murya ce mai rawa, tana gudu kamar ta ɗan akuya da ya ɓace wa uwarsa, jitar kuma sai ka ce ana kaɗa gwangwani. Waƙar ƙanensa ce, wadda ke sa manya hawaye. Wani ya fara ƙyalƙyalewa, sai rumfa ta ɗauka gaba ɗaya, har da masu riƙe ciki.

Baba Jatau bai taɓa jin muryarsa daga waje ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ni ne?"

Na san ba shi ba ne. Da muryar nan aka raine ni. Amma idon kasuwa na kaina, kuma ɗayan biyu ne: ko rikodata ce da aibi, ko tsohon. Na zaɓa. Na ce, "Baba, ai rikoda ba ta ƙarya. Abin da ta ji shi take faɗa."

Ya gyaɗa kai. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ashe shekara talatin mutanen Mabai kunyata suke ji. Su zauna, su saurara, har su yi mani hawaye, ba wanda ya taɓa dariya. Allah ya saka masu da alheri." Ya miƙe, ya yi wa tela sallama, ya ce kada in wahalar da mutanen Kaduna.

Mako bai cika ba na kai rikodar wurin mai gyaran rediyo a Funtuwa. Ya saurara kaɗan ya yi murmushi. Ya ce lafiyarta lau. In batir ya yi sanyi kaset yana juyawa a hankali ne, to duk abin da aka ɗauka haka, in aka sa sabon batir sai ya fito da sauri, murya ta sirance. Tun ranar na san komai dalla-dalla. Daga Funtuwa zuwa Mabai ba tafiyar kwana ba ce. Ban je ba.

Baba ya rataye jitar a bayan ƙyauren zaure, bai ƙara sauke ta ba. Mutanen gari suka roƙe shi, suka rantse masa, ya ce ya gode, kara ce irin tasu. Daga baya har wani ma'aikacin rediyo ya zo da kansa bisa labarin da ya ji wurin direbobi, Baba ya ba shi fura ya sallame shi. Aka mayar da ni Faskari, daga can Sabuwa. Duk hutu nakan je gaishe shi, ya cika mani aljihu da gyaɗa, ya ce, "Malam, ina mai gaskiyar nan taka? Tana lafiya?" Haka ya raɗa wa rikodar, kuma ba da gatse ba. Sai in yi dariya in ce tana nan. Da farko kunyar kasuwa ce ta hana ni. Daga baya kunyar daɗewar da na yi ban faɗa ba ce, kullum tana ƙara nauyi. Tsoro nake kada ya daina kallona yadda yake kallona, na gwammace shi ya ci gaba da raina kansa.

Ranar da labarin ya zo, da aka tashi makaranta na shiga ɗaki na lalubo kaset ɗin a ƙasan akwati. Na kwashe tsofaffin batiran tocila da na rediyo na zuba a rikodar. Ta ja da ƙyar, sai ga Baba Jatau, da kaurin muryarsa, a hankali, yana kiran sunan ƙanensa. Tsofaffin batira huɗu ne kawai, irin waɗanda yara ke wasa da su a kowane gida. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a rasuwar mahaifina, kuma ba duka kukan rashi ba ne.

Washegari na tafi Mabai. Bayan an yi addu'a a ƙofar gida na shiga wurin matarsa, Inna Kulu, tana zaune kan tabarma cikin takaba. Na durƙusa na faɗa mata duka, ban rage ba. Ta ajiye carbin da take ja.

Ta ce, "Ni kau na sha gaya mashi ba muryarshi ba ce. Sai ya ce matar mutum ba ta shaida. Ya ce Malam ya faɗa, shi kuma yaron nan bai taɓa yi mani ƙarya ba."

Na ce, "Inna, ki yafe mani."

Ta ce, "Nawa na yafe, ɗan nan. Nashi ba a hannuna yake ba."

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman wanda ya zauna a rumfar telan nan ranar, ya shaida: abin da kuka yi wa dariya sakacina ne, amsar da kuka ji kuma ƙaryata ce. Baba Jatau yana da murya, mutanen Mabai ba kara suka yi masa ba.

Allah ya jiƙan Baba Jatau, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya sa noman da ya yi wa marayu ya tarar da shi a mizani. Allah ya ba Inna Kulu haƙuri da lafiyar fita takaba, ya albarkaci ɗiyansa da jikokinsa, ya rufa masu asiri kamar yadda ya rufa wa na wasu. Ni kuma, ya Allah, na san akwai ranar da za ka tsayar da ni gabansa ya sake yi mani tambayar nan. Ka ba ni ikon amsawa daidai, ka sa ya yafe. Amin.