Wutar da Malam Dalhatu ya ɓoye a gonar shinkafa

Duk wanda ya san Malam Dalhatu a Bunkure ya san shi da abu biyu: iya noman shinkafa, da wata kusurwa a ƙarshen gonarsa da bai taɓa dasa komai a cikinta ba. Wuri ne mai kwari, ruwa ba ya barinsa rani da damina. Bayan kowane girbi sai ya kwaso tattakar shinkafa da kashin shanu ya jibge a kai, ya tattake. In ka tambaye shi dalili sai ya ce taki yake haɗawa. Takin da ba a taɓa ganin ya ɗiba ba!

Asalin maganar tun yana saurayi ne, lokacin da yake raka motar tumatir zuwa Fatakwal. A can ya ga wuta tana ci a bakin wani dogon bututu ba dare ba rana. Direban ya ce masa duk inda ƙasa take fitar da iska mai kamawa da wuta, to mai ne a ƙarƙashi, kuma ranar da hukuma ta sani ka yi sallama da gonarka. Dalhatu bai yi musu ba, domin da idonsa ya ga yadda aka sake yanka gonakin garinsu sa'ad da aka kawo ruwan dam ɗin Tiga.

Wata safiya a 1984 ya shiga kusurwar nan, ƙafarsa ta nutse a taɓo, kumfa ya taso ɓul-ɓul. Ya kunna sigari, ya yar da ashanar. Sai wata shuɗiyar wuta ta yi fau a kan ruwa ta mutu. Ya sake gwadawa, ta sake kamawa. Daga ranar ya bar sigari, ya kuma kama bakinsa.

A shekarar mahaifinsu ya rasu. Da aka zo rabon gado, kusurwar ta faɗa ɓangaren wansa Baballe, wanda ya goya shi yana ƙarami. Dalhatu ya tubure, ya ce sai dai a mutu. Har gaban alƙali ya kai wansa a kan ɗan taɓon da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Baballe ya dube shi ya ce, "Ɗauka, na bar maka." Ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninsu. Gonakinsu kunya ɗaya ce ta raba, amma shekara ashirin da biyu ko sannu. Abin yana cin Dalhatu, sai dai kullum yana lallashin kansa da cewa ranar da man ya fito zai raba da wansa, a nan Baballe zai gane.

A 2006 ciwon ƙafa ya fara kwantar da shi, ya ji tsoron kada ya tafi da sirrin. Sai ya kira 'yarsa Ummukulsum, wadda take koyar da kemistiri a wata sakandaren 'yan mata a Kura. Ita ya ga tana da bokon da za ta san ta inda ake bi. Ya kai ta kusurwar da hantsi, ya waiga hagu da dama, ya soka sanda a taɓo, ya ƙyasta ashana.

"Kin gani?" ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Arzikinku ne. Shekara ashirin da biyu ina gadinsa."

Ummukulsum ta daɗe tana kallon tulin tattakar. "Baba, tun yaushe kake zuba wannan?"

"Tun farko. Don kada a ga kumfan."

Ta tsuguna a kan kunya. "Baba, sunan wannan iskar mitein. Ita nake koya wa 'yan aji biyar a makon nan. Akwai wani dangi na sinadarai da ake kira alkein, dukansu kabon ne da haidirojin kawai. Mitein ce ƙaramarsu, kabon ɗaya da haidirojin huɗu. Sai itein mai kabon biyu, furofein mai uku, butein mai huɗu, irin na tukunyar gas. In jerin kabon ya ƙara tsawo sai su zama ruwa, a nan ake samun fetur da kananzir."

Fuskarsa ta washe. "To ai kin faɗa da bakinki, Malama. 'Yar'uwar fetur ce."

"Danginsu ɗaya, Baba. Amma wannan ba daga rijiyar mai take fitowa ba. Duk inda ciyawa ko kashin shanu ya ruɓe a ƙarƙashin ruwa, inda iska ba ta shiga, mitein ce take tashi. Tattakar da kake zubawa ita take haifar da ita."

Ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Ya ce boko ya ruɗa ta. Ita kuwa ba ta ja da shi ba. Ta ɗauki sandar da ashanar, ta tsallaka kunya ta shiga gonar baffanta.

"Ke! Dawo nan!" in ji Dalhatu.

Baballe yana can tsakiyar gona yana cire ciyawa. Ya miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu. Ta gaishe shi, ta ce, "Baffa, ka yi mini izini in gwada wani abu." Ya gyaɗa kai. Ta sami inda ruwa ya kwanta a kan tsohuwar tattaka, ta soka sanda ta jujjuya. Kumfa ya taso. Ta ƙyasta ashana.

Shuɗiyar wutar ta yi fau, daidai irin ta mahaifinta.

Malam Dalhatu ya zauna daɓas a kan kunya, bai ma san rigarsa ta shiga ruwa ba. Ashe a kowace gona tana nan. Ashe shi da hannunsa yake ciyar da ita duk shekara, kamar mai kiwon akuya. A kan ruɓaɓɓen kara ya tsayar da ɗan'uwansa a gaban alƙali, ya ƙi zuwa auren 'ya'yan wan nasa biyar.

Baballe ya matso yana duban inda wutar ta mutu, sannan ya dubi kusurwar, ya dubi ƙaninsa. Dalhatu bai taɓa lura da yadda gemun wansa ya yi fari fat ba sai yau.

"Saboda wannan ne?" in ji Baballe.

Dalhatu ya sunkuyar da kai. "Yaya," ya ce.

Baballe ya miƙo hannu mai taɓo. "Tashi, ka jiƙa rigarka."