Allon da Ya Ƙi Karɓar Umarni

A gidanmu na Maamobi, ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba. Ranar da ya zo, sai a kunna inji a tura shi tankin da ke saman rufi, kuma mahaifina ne yake hawa tsani ya duba ko ya cika. Yana da shekara kusan saba'in. Wata safiya ƙafarsa ta zame, ya rataye da hannu ɗaya har maƙwabta suka riƙe shi. A ranar na ce zan haɗa abin da zai kashe injin da kansa.

Ina koyar da lissafi ne a wata makarantar Islamiyya, ban karanci lantarki ba. Wata ƙawata da ta karanta shi ta ba ni wani ɗan allon lantarki, bai kai tafin hannu ba, irin wanda ake jona shi da kwamfuta a rubuta masa abin da zai yi. Na yi sati biyu ina koyo a waya. Da na tura masa umarnin farko, sai ya ƙi karɓa.

Na kira ta.

"Butlodarsa ce ta tsufa," in ji ta. "Ɗan shiri ne a cikinsa, shi yake fara tashi ya karɓi abin da kika tura. Ki sabunta ta. Amma kada ki bari aikin ya katse."

Na sauko da sabon fayil, na jona kebul, na danna. Layi yana tafiya a fuskar kwamfuta, ya wuce rabi, sai aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutata kuwa ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo, ko 'yar fitilar allon ba ta kama ba.

Mahaifina ya leƙo ya tarar da ni na zuba tagumi.

"Uwata, bar shi haka. Ai ban faɗi ba."

"Baba, ba zan bari ba."

Ƙawata ta ce akwai sauran hanya: a aro wani allo mai lafiya, a haɗa su da wayoyi shida, a rubuta butlodar kai tsaye. Na hau trotro, motar haya, zuwa Alajo na karɓo nata. Sai dai nawa ba shi da ƙafafun da za a maƙala wayoyin, ramuka ne kawai.

Na kai wa wani dattijo mutumin Nijar da ke gyaran rediyo a Nima. Ya juya allon gaba da baya, ya ɗaga tabarau.

"'Yata, wannan me yake kamawa?"

"Ba ya kama tasha, Malam. Injin ruwa nake so ya kashe."

Bai ƙara tambaya ba. Ya zafafa ƙarfensa ya liƙa ƙafafu shida da dalma, ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma ce in zauna in yi aikin a shagonsa, tunda yana da batirin mota da yake jona kayansa.

Sau biyu abin yana ƙi. A na uku na bi wayoyin da yatsa, na gano na juya biyu daga ciki. Na gyara, na yi bisimilla, na danna. Layin ya tafi har ƙarshe. Fitilar ta ƙifta sau biyu, sannan ta tsaya da haske. Na tura umarnin nan da ya ƙi a baya, ya shiga.

"Ya tashi ke nan?" in ji Malam.

"Ya tashi."

Ranar Asabar aka kawo ruwa, na haɗa komai, har da 'yar na'urar da za ta auna ruwan tankin, mutanen gida suka tsaya kallo. Injin ya mutu da kansa, aka fara tafi. Da aka duba, tankin bai ko kai rabi ba. Na yi kuskure a lissafin tsayinsa. Matan gida suka yi ta dariya, malamar lissafi guda. Na shiga ɗaki na ɗauko kwamfuta, na zauna a gindin injin na sake awo.