Hannun Tsonka da Baƙin Rini

A garinmu da ke gindin duwatsun Bulgariya, shagon Tsonka yana daura da gidan burodi. Ɗan ɗaki ne mai kujera biyu da madubi ɗaya wanda gefensa ya fara dusashewa. Tun tana budurwa take gyaran gashin mata a cikinsa, tun shagon yana hannun gwamnati har ya zama nata.

A wajen kakarta ta fara sanin halin gashi. Tsohuwar takan jiƙa toka ta tace ruwan, ta wanke wa jikokinta kai da shi, gashin ya tashi ya yi kaushi kamar tsintsiya. Sannan ta ɗauraye da ruwan khal na tuffa, sai ya kwanta yana sheƙi. Ba ta taɓa faɗin dalili ba. Sai da Tsonka ta je makarantar koyon sana'a ta ji malama tana cewa kowane silin gashi yana da ɓawo a jere kamar na kifi. Abu mai kaifin toka yana buɗe ɓawon, abu mai tsami yana rufe shi. Rini ma ta nan yake shiga: a buɗe ɓawon, a kashe launin da ke ciki, a tura ƙananan ƙwayoyin rini, su haɗu da juna a can su yi girman da ba za su iya fitowa ba. Tsonka ta tuna da kakarta, ta yi murmushi ita kaɗai.

Malamar ta raba musu safar hannu ta roba a ranar. Babu wadda ta ci gaba da sawa. Masu gyaran gashi na wancan zamani suna cewa da yatsa ake jin ko rini ya kama, kuma macen da ta ga an sa safa kafin a taɓa kanta za ta ɗauka ƙyamarta ake yi. Baƙin farce shi ne shaidar sana'a. A coci ma, idan Tsonka ta miƙa hannu za ta kunna kyandir, baƙuwa takan gane aikinta.

Cikin masu zuwa shagon akwai Radka, wadda suka zauna benci ɗaya a firamare. Furfura ta kama ta tun ba ta kai talatin ba, gadon dangin uwarta. Duk farkon wata takan shigo da banitsa, wato gasasshiyar fulawa mai cuku a ciki, da zafinta a takarda, ta ajiye a kan taga, ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

"Baƙi ƙirin, tsohuwa. Kada ki bar min ko sili ɗaya."

"Wa kike ce wa tsohuwa? Na girme ki da wata biyu, kin girme ni da furfurar shekara ashirin."

"Yi aikinki dai. Dimo bai taɓa ganin farin gashi a kaina ba, kuma ba zai gani ba."

Dimo shi ne mijinta, direban bas da ya yi ritaya. Yayin da rinin yake kamawa sukan ci banitsa, su bi labarin garin gida gida. Mata da yawa saboda kan Radka suke zuwa wurin Tsonka, domin ba a ganin baƙi mai kyau irin nata.

A wata kaka, lokacin da ake gasa barkono a ƙofar gidaje, yatsun Tsonka suka fara ƙaiƙayi. Ta ce sabulu ne, ta canza sabulu. Ƙananan ƙuraje masu ruwa suka fito a tsakanin yatsun, suka fashe, fatar ta tsattsage. Ta shafa kindirmo kamar yadda ake yi wa ƙunar rana. Ranar Lahadi da ba ta buɗe shago hannun yakan lafa, zuwa Talata ya dawo. Ta lura da hakan, amma ba ta so ta lura ba. Wata safiya ta tashi idanunta sun kumbura har da kyar take ganin hanya, sai ta hau bas zuwa asibitin birni.

Likitar ta manna mata wasu ƙananan filasta a baya, ta ce ta dawo bayan kwana biyu. Da aka ɓare, wuri ɗaya ya yi ja ya tashi.

"Sinadarin baƙin rini ne, Inna," in ji likitar. "Shekara da shekaru yana ratsa fatarki, jikinki yana haƙuri. Yanzu ya ɗauke shi abokin gaba, kuma jiki ba ya mantawa da irin wannan."

"To in na sa safa fa?"

"Da tun farko ne. Yadda ya kai miki har fuska, ina tsoron tawul ɗin da ya taɓa rinin ma ya ishe ki. Ki yi aski, ki yi wankin kai, ki yi naɗin gashi. Rini mai duhu kuwa ki bar shi."

Tsonka ta faɗa wa matan da take yi wa rini da ɗaɗɗaya. Kowace ta yi mata sannu, kuma yawancinsu suka koma sabon shagon da aka buɗe kusa da tasha. Ba ta ga laifinsu ba. Radka ce kaɗai ta kasa faɗa wa. Ta san idan kan Radka ya koma tasha, sauran 'yan kaɗan ɗin za su bi, kuma farkon wata zai riƙa zuwa babu banitsa a kan taga.

Ranar da Radka ta zo, Tsonka ta juya baya ta sa safa a kan bandejin da ke yatsunta, ta ɗauko kwano da buroshi, ta fara dama rinin tana kau da fuska.

Radka ta hango ta a madubi.

"A'a. Yau kuma ƙyamata ake yi? Ƙwarƙwata kika gani?"

"Yayi ne. Masu shagon tasha ma haka suke yi."

"Ke da yayi? Zo nan."

Radka ta kama wuyan hannun Tsonka ta zare safar. Ta daɗe tana kallo. Tsonka ta faɗa mata abin da likita ta ce, a taƙaice, kamar tana ba da labarin wata.

"Shi ne za ki dama min shi ki yi shiru?"

"Sau ɗaya a wata ba zai kashe ni ba."

"Wawuya. Tun muna aji ɗaya haka kike." Radka ta saki hannun a hankali. "Babu wani abin da ba ya cin hannu?"

"Akwai lalle. Shi a bayan sili yake kwanciya, ba ya buɗe komai. Amma a kan fari fat irin naki, ja zai yi kamar karas."

"Ki mai da ni jar kyanwar nan ta gidan burodi ke nan."

"To je ki tasha. Yarinyar da ke shagon ta iya aiki, na ga hannunta."

Radka ta dubi kanta a madubi, inda farin layi ya fito a tsagar gashin. Ta kai yatsa ta taɓa shi.

"Zubar da wannan abin," ta ce. "Rage min bakin gashin kawai. Kuma miƙo banitsar kafin ta huce."

Watannin da suka biyo baya ba su yi wa Radka daɗi ba. Rinin da ya shiga sili ba ya fita, sai dai a jira gashi ya tsiro a yanke. Farin layin ya yi ta faɗi, kai rabi fari rabi baƙi, har ta koma ɗaura kallabi. A wurinmu kuwa mace ba ta barin rini ta ɗaura kallabi sai an yi mata rasuwa. Wata maƙwabciya ta je har ƙofar coci tana duba takardun sanarwar mutuwa ko za ta ga hoton Dimo, sannan ta zo gaisuwa da idanu jajaye. Dimo ne ya buɗe mata ƙofa, yana cin tuffa.

Radka ta kawo labarin shago tana dariya, amma da ta cire kallabin ba ta kalli madubi ba. Duk wata Tsonka takan rage baƙin kaɗan, ta wanke, ta ɗauraye da ruwan khal.

Sai da shamuwa ta dawo kan bututun hayaƙin makaranta sannan almakashi ya kai ga baƙin ƙarshe. Tsonka ta yi mata aski gajere, ta ɗan zuba ruwan shuni a na ɗauraya don ya kashe rawayar da farin gashi yake yi, ta busar. Ta sa yatsunta tsirara a ciki. Fatar hannunta ta warke, ta ji laushin gashin har tsakiyar tafinta.

Dimo ya leƙo daga ƙofa, hularsa a hannu.

"Na zo ɗaukar matata, na tarar da surukata."

"Surukarka ta fi ƙarfinka, ni ma haka," in ji Radka.

Ya tsaya yana kallonta fiye da yadda wasan yake bukata. Sannan ya ce iska ake yi a waje, amma kada ta ɗaura kallabin.

Bayan sun tafi Tsonka ta share baƙin gashin da ke ƙasa. Faratanta sun tsiro farare, har ba ta saba da ganinsu ba. Shagon bai koma cika kamar da ba. Amma a makon nan wata mata ta shigo, ta zauna, ta zare kallabinta, farin layi ya bayyana a tsagar gashinta, ta tambaya ko wata nawa ake ɗauka kafin baƙin ya fita duka.