Ikrima, Maginin Gidan da Ake Shiga da Sallama

Ni na fara gani. A sa wannan a sama, don yanzu kowa a garinmu cewa yake shi ya gano Ikrima. Ni Badaru, da agana ta kama ni ta bar mini tabo ta tafi, na ci shekarar fari da ganyen tafasa, motar gyaɗa ta kife da mu a hanyar Bici aka zaro ni ina tambayar hulata, ni ne mutum na farko da ya leƙa ta kafaɗar bawan Allahn nan ya ga abin da yake yi. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma ido dai Allah ya ba ni.

Ikrima shagon cajin waya gare shi a bakin kasuwarmu, daf da teburin Hadi mai shayi. Daga masallacin asuba gona yake wucewa. Da hantsi ya dawo, ya goge farantin sola da tsumma, ya jera wayoyin mutane. Sai rana ta take, kasuwa ta lafa, sannan ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa, wadda yake ɗorawa kan bulo don iska ta riƙa shiga ƙarƙashinta. Shekara ta fi goma yana haka, mutane na cewa wasa yake yi.

Ga abin da yake yi. Wasannin nan na kwamfuta da ake kira gem cike suke da sojoji da dawakai da motoci. Ikrima sai ya ciro soja daga cikin gem kamar yadda ake cire dashen albasa, ya karɓe bindigarsa, ya tuɓe masa hular kwano, ya sa masa taguwa da malafa. Doki kuwa ya rage masa tsayi, ya ja masa kunnuwa, ya koma jaki. Daga nan ya gina musu wuri, har da rumbu da kunyoyin gero. Zanen takarda gaba kawai gare shi. Ginin Ikrima ana juya shi, ka ga ƙeyar mutum, ka zagaya bayan bishiya. Da katun ɗin da muke kallo a talabijin mai baƙi da fari a Bagwai ya fara. Ran da na ga wata mage da na sani tun ina da haƙora duka, aka juya mini ita na ga wutsiyarta ta baya, sai da na nemi benci na zauna.

Amma ba mage ta sa nake wannan jinjina ba. Nababa ne.

Yaran yanzu sun san Nababa tsoho mai sanda. Mu mun san shi mai zanen barkwanci. A zamaninmu, duk ranar kasuwa zai zana labari a takardar buhun siminti ya manna a bango, a taru ana dariya. Labarin wani malalacin manomi ne, Na'inuwa, da jakinsa. Matar Na'inuwa kuwa ba a taɓa ganinta ba, sai hannunta ta saman danga. In ya yi noma, hannun ya miƙo ƙwaryar fura. In ya kwana a gindin bishiya, hannun ya ɗago muciya. Har wani mai ɗab'i a Kano ya taɓa buga su ɗan littafi. Gara ta cinye kusan duka, 'yan shafuka suka rage.

Sai hawan jinin ido ya kama Nababa. Na hagu ya tafi, na dama ya rage kamar mai leƙe ta cikin kara, kuma likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya daina ganin zanensa a takarda. Ikrima ya karɓi shafukan nan ya ce zai gina Na'inuwa a kwamfuta, inda ake iya matso da abu ya yi girma ya yi haske, don tsohon ya sake ganinsa kafin idon ya rufe.

Damina guda ya yi yana wannan aiki. Wata la'asar ya fito da kwamfutar ƙarƙashin darbejiyar majalisa, aka zaunar da Nababa a gaba. Ya kai fuskarsa daf da gilashin, ya daɗe.

"Kai, Na'inuwa," in ji shi. "Har yau ba ka tashi ba?"

Majalisa ta ɗauki dariya, shi ma yana yi. Sai Hadi mai shayi ya ce, "Ikrima, tunda abin naka juyawa yake, juya mana mu ga mai muciyar nan. Tun muna yara muke son ganinta."

Ikrima yana cikin murna, bai yi tunani ba, ya juya. Muka tsallake danga gaba ɗayanmu. A bayanta ga wata doguwar mace ta cikin gem, kai ba ɗankwali, wadda ya ajiye don kawai ta riƙe muciya. Samari suka fara shewa.

Nababa ya laluba sandarsa ya miƙe. "Wa ya yi maka iso?"

"Baba, ai zane ne."

"A wajenka zane ne. Hannun nan na Hure ne. Duk zamanta a gidana, ban da muharraminta babu namijin da ya taka tsakar gidan nan. Yau tana kabari ka kwaso mini majalisa ka shigar, ba ko sallama." Ya juya ya tafi, ya ce ba zai ƙara kallon abin ba.

Ni na san hannun matarsa Hure ne tun da daɗewa, don na sha karɓar fura daga gare shi ta saman dangar nan. Ba a tambaye ni ba ne kawai.

A nan na san waye Ikrima. Mutane suka ce ya rabu da rigimar tsufa, ya sa abinsa a waya duniya ta gani. Ya rufe kwamfutar ya ce, "Gaskiyarsa. Na shiga gidan mutum. Kuma idonsa ba zai jira fushinsa ya huce ba."

Ya rushe abin da ke bayan dangar. Ya ɗaure ta yadda duk juyin da za ka yi, kana isa gare ta za ka tsaya cak, kamar ka yi karo da ta gaske. Wannan shi ne ginin da za a nuna wa mutane. Sannan ya hau babur ya tafi Bagwai wajen Larai, 'yar Nababa, ya nemi izinin mijinta, ya zauna a zaure tana faɗa masa daga ciki: inda turmi yake, inda randa take, wace kusurwa kaji ke kwana. Ta fito masa da zanen ɗaurawa na mahaifiyarta da ta adana, ya ɗauki hotonsa. Da wannan ya yi gini na biyu, mai zaure, wanda ba a shigarsa sai ta ƙofa. Hure kuwa ya tsayar da ita ta ba da baya tana daka, sanye da zanen nan. Bai yi mata fuska ba. Ya ce ba huruminsa ba ne.

Wata safiya muka je, ni da shi da Larai. Nababa yana zaure a kan buzu.

"Na ce ba na kallo."

Larai ta durƙusa. "Baba, ni na jera kayan ɗakin. Babu namijin da ya gani sai magini. Magini kuwa ko a gidan gaske kai da kanka kake cewa a kauce ya shiga."

Ikrima ya ajiye kwamfutar a kan tabarma, ya kama yatsan tsohon ya ɗora a kan maɓalli guda. "Baba, in ka danna nan, gaba za ka yi. In ka saki, ka tsaya." Ya tashi ya fita, ya jawo ni da shi. Ni da ban taɓa barin kallo ya wuce ni ba, aka zaunar da ni a dakali ina kallon awaki.

Can muka ji muryar Nababa, a hankali. "Salamu alaikum."

Sannan muka ji ya ce, "Hure, har yanzu a bakin hanya kike ajiye turmin nan." Larai ce ta fito tana share ido da gefen mayafi, ta ce mu tafi, kwamfutar ta yini a nan.

Kafin kaka ta ƙare idon ya rufe. Amma ya gani, kuma ya gani sau da yawa, shi kaɗai.

Ikrima, kai ne maginin da ba ya kwaɓa ƙasa. Kai ne ka karɓe bindiga a hannun soja ka ba shi fartanya. Da aka yi maka faɗa a gaban jama'a, kana da gaskiyar da za ka iya kafewa a kanta, ka ajiye ta ka ɗauki ta tsoho. Na ga masu gina bene a Rijiyar Zaki, ban ga wanda ya kai ka sanin mene ne gida ba. Mun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya raya maka zuriya. Ku kuma samari masu danna waya daga safe har yamma, ku je ku zauna kusa da shi. Akwai tsofaffi a kowane gari da gara ke cin aikinsu, ku nemo su tun suna gani, kuma ku koyi tsayawa a zaure.

Wanda ya ce tsufa ne ke sa ni ƙari, shagon yana nan gefen Hadi mai shayi. Ya zo ranar kasuwa, ni zan sa a buɗe masa Na'inuwa, ya kama ya juya iya ƙarfinsa. In ya tsallake dangar nan, ya cire hular kaina ya tafi da ita. Ni da na riga kowa ganin komai, har yau ban ga tsakar gidan ba.